Fawa-fulash: wankin bututu mai cin ɗaruruwan fam, da radiyetar da ta cancance shi

Daga ƙarshen watan Oktoba, lokacin da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Birtaniya, wayar masu gyaran boila ba ta hutawa. Kukan kusan iri ɗaya ne: an kunna hita, boila tana aiki, amma radiyetar falo ko ta ɗakin yara sanyi ƙarara. Maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin wanda aka kira kuwa ita ce gidan yana buƙatar fawa-fulash, wato a jona inji a wanke cikin bututai da radiyetoci baki ɗaya. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Gida mai radiyeta 6 zuwa 10 yakan ci tsakanin fam 350 da 700, manyan kamfanoni da masu aiki a Landan sukan ɗara haka.

Ra'ayinmu a kan wannan aiki ba shi da wuyar faɗa. Aiki ne na gaske, idan ya samu gidan da ke buƙatarsa da ma'aikacin da ba ya ha'inci, radiyetar da ta shekara biyar tana ɗumi sama-sama takan dawo ta yi zafi har ƙasa. Sai dai cuta ɗaya tak yake warkarwa, ita ce laka. Abubuwan da ke hana radiyeta zafi kuwa sun fi shida, yawancinsu ko fam ɗaya ba sa ci.

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi bai gaji wannan kaya ba, lagireton mota ya sani. To, kusan abu ɗaya ne, manufar ce ta bambanta: mota tana zubar da zafin inji a waje, gida yana zubar da zafin boila a cikin ɗaki. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa shekara da shekaru. Boila ta ɗumama shi, famfon tura ruwa ya kora shi cikin bututu mai faɗin milimita 22, ya rabu cikin ƙananan bututai masu milimita 15 zuwa kowace radiyeta, ya bar zafinsa a can, ya koma boila ta wani bututun. Kowace radiyeta tana da bawul biyu a ƙasa. Ɗaya shi ne mai lambobi, wanda kowa ke murɗawa. Ɗayan yana ƙarƙashin hular roba, ba a taɓa shi sai da sifana. Can sama a gefe kuma akwai ɗan ƙaramin bawul na sakin iska.

Laka daga jikin radiyetar take fitowa. Ƙarfe ne, ruwa da iskar oksijin suna cinsa ta ciki, su bar wani baƙin gari mai laushi da ake kira magnetait. Nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau biyar, shi ya sa yake kwanciya inda ruwa ya fi tafiya a hankali, wato ƙasan radiyeta daga tsakiya. Wanda bai kwanta ba yana yawo, ya shiga famfon tura ruwa ya cinye shi, ko ya toshe siraran hanyoyin da ke cikin boila. Boilolin zamani, masu tatso zafi daga tururin hayaƙi, waɗanda doka ta wajabta sakawa a Ingila da Wales tun 2005, hanyoyin ruwansu sun fi na tsofaffin matsatsi ƙwarai. Lakar da tsohuwar boila ta haɗiye shekara ashirin ba ta yi tari ba, sabuwa ba za ta jure mata ba.

Tafin hannu kafin waya

Kafin a kira kowa, a kunna hita a ba ta minti 20 zuwa 30, sannan a bi radiyetocin gidan da tafin hannu: sama, tsakiya, ƙasa, da bututai biyun da ke shiga da fita. Laka tana da zanenta. Sama zafi, gefe biyu zafi, amma ƙasa daga tsakiya sanyi, sanyin ya taso kamar tudun yashi. A kula fa, ƙasan radiyeta mai lafiya ma ba ya kai samanta zafi, domin ruwa yana hucewa ne yana sauka. Bambancin shi ne na mai lafiya a hankali yake raguwa, na mai laka kuwa hannu zai ji iyaka, nan zafi nan sanyi. Duk wani zane da ba wannan ba, to a ajiye maganar fawa-fulash tukuna.

Idan ƙasa ke da zafi sama ke da sanyi, iska ce ta taru ta hana ruwa cikawa. Maganinta makullin sakin iska, ɗan ƙarfe mai rami murabba'i, ana samunsa a shagunan Screwfix ko B&Q a kan fam ɗaya ko biyu. A kashe hita a bar ruwan ya huce, don idan famfo yana aiki iskar ba ta tsayawa wuri ɗaya, ga kuma haɗarin ƙuna. A tara tsumma a ƙasan bawul ɗin, a murɗa shi hagu rabin zagaye kawai. Za a ji huci. Da zarar ruwa ya fara zuba ba tare da tartsatsi ba, a rufe, ba da ƙarfin tsiya ba. Kada a kwance tsinken gaba ɗaya, idan ya faɗo ruwa na feshi mayar da shi jidali ne, kuma baƙin ruwan hita ba ya fita daga kafet. Bayan an gama a leƙa gejin boila. Yana sanyi ya kamata allurar ta tsaya tsakanin ba 1 da ba 1.5 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin matsin ruwa). Idan ta sauka, a buɗe tiyon cikawa da ke ƙarƙashin boila a hankali har ta hau, a rufe bawul ɗinsa duka biyu.

Akwai abin lura a nan. Radiyetar da ake sakar wa iska yau, bayan mako uku ta sake tarawa, sau da yawa ba iskar waje ba ce, haidurojin ne da tsatsa ke haifarwa tana cin ƙarfe. Wannan kam shaida ce cewa maganin hana tsatsa ya ƙare a cikin ruwan, kuma laka tana kan haɗuwa. Wasu tsofaffin ma'aikata suna gwada ta da ashana. Kada a kwaikwaye su.

Radiyeta ɗaya da ta yi sanyi gaba ɗayanta, alhali sauran suna zafi, a fara zargin bawul mai lambobi. A cikin kansa akwai ɗan kwanso na kakin zuma ko ruwa, idan ɗaki ya yi ɗumi sai ya kumbura ya danne wani ɗan tsinken ƙarfe ya tsayar da ruwa. Lamba 3 a yawancinsu tana nufin wajen digiri 20. Duk tsawon lokacin zafi tsinken yana danne, wata biyar ko shida bai motsa ba, sai ya maƙale a rufe. Ana kwance zoben da ke riƙe da kan, da hannu ko da filaya, ruwa ba zai zuba ba. Tsinken zai bayyana. A danna shi da bayan cokali: mai lafiya yana nutsewa kamar milimita biyu, sifirin ya dawo da shi. Idan ya ƙi tashi, a ɗan ƙwanƙwasa jikin bawul ɗin daga gefe da sifana, a ɗiga masa mai, a kama shi da filaya a motsa sama da ƙasa a hankali. Ba a fizgarsa, a wasu bawulolin yana iya zarewa ruwa ya biyo baya. Minti biyar ne aikin. Gidaje da yawa sun biya kuɗin fawa-fulash a kan wannan ɗan tsinken, kuma tun da mai wankin dole ya cire kawunan bawuloli kafin ya fara, gyaran yakan faru ne a minti goman farko, sauran yinin kuma a biya shi a matsayin magani.

Idan tsinken lafiya lau, kuma bawul mai hula a buɗe yake, ga gwajin da ya fi kowane amfani. A rufe duk radiyetocin gidan, a bar mai sanyin ita kaɗai, a kunna hita na minti 15. Ƙarfin famfo duka zai koma kanta. Ta yi zafi? To hanyarta a buɗe take, ko dai iska ce ta tare bututu yanzu ta wuce, ko kuma rabon ruwa ne bai daidaita ba.

Wannan rabon ruwa shi ne abin da aka fi yi wa kuskuren fahimta. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadama ya san fangalin da ke bakin inji shi ke fara sha, idan ba a rage masa baki ba na can ƙarshe sai dai ya ga danshi. Haka ruwan hita yake, hanya mafi sauƙi yake bi. Radiyetocin da ke kusa da boila suna kwashe shi, ta ƙarshen layi, ko babbar ta falo a ƙasa, ta tashi da ɗumi-ɗumi. Aikin bawul mai hula ke nan. A buɗe komai, a kunna hita daga sanyi, a rubuta jerin yadda suke ɗaukar zafi. Wadda ta fara, a rufe bawul mai hularta ruf sannan a buɗe kwata ko rabin zagaye kawai. Ta biyu a ɗan ƙara, haka har ta ƙarshe wadda za a bari a buɗe duka. Mai son daidai-wa-daida ya sa ma'aunin zafi a bututun shiga da na fita: tsohon ma'auni shi ne bambancin digiri 11 ko 12, boilolin zamani kuwa an fi nema musu kusan 20, don ruwan ya koma musu ƙasa da digiri 55, a nan ne suke tsimin gas. Kusan duk tasirin bawul ɗin yana cikin zagaye ɗaya na farko, kuma kowane gyara sai an jira minti 10 kafin a ga sakamakonsa. Aiki ne na haƙuri, yakan cinye yammaci guda. Ba ya buƙatar inji.

Idan matsalar ta game bene guda ko gidan duka, nan ma ba laka ce farkon zargi ba. Radiyetocin sama zafi na ƙasa sanyi, famfon tura ruwa ne ya raunana ko ya tsaya, domin ruwan zafi yana iya hawa sama da kansa amma ba ya sauka sai an tura shi. Tsofaffin famfunan Grundfos suna da babban sukuru a tsakiyar fuska, a kwance shi a juya sandar ciki da sukundireba, sau da yawa sai ya tashi. Na sama sanyi na ƙasa zafi, ruwa ne ya yi kaɗan: geji ya faɗi, ko kuma ƙaramin tankin da ke cikin rufi ya bushe saboda ƙwallonsa ya maƙale. Ruwan wanka yana zafi amma radiyeta ko ɗaya ba ta motsa ba, a boilar kombi, wato mai ɗumama ruwan wanka nan take ba tare da tulu ba, bawul mai karkatar da ruwa ne ya tsaya a ɓangaren famfon wanka, a gida mai tulun ruwan zafi kuwa bawul mai mota ne da ke kusa da tulun. Yana da ɗan hannu a gefe, a tura shi a maƙale a buɗe, idan zafi ya zo an gano mai laifi. Gejin da ke haurawa kusa da ba 3 idan hita ta yi zafi, ya faɗo ƙasa idan ta huce, tulun faɗaɗa ruwa ne, wanda ke karɓar ƙarin ruwan da zafi ya kumbura, ya rasa iskarsa. Bawul ɗinsa irin na tayar mota ne, in an danna ruwa ya fito maimakon iska, robar ciki ta fashe.

Wani lokacin ma babu abin da ya lalace. An rage zafin boila zuwa digiri 55 don tsimin gas, radiyeta ba za ta ƙona hannu ba, haka aka tsara.

Inda injin yake cin kuɗinsa

To, a ce radiyeta uku ko huɗu duk suna nuna tudun sanyi a ƙasa, ruwan da aka tsiyayo daga bawul ɗin zubarwa na ƙasa baƙi ne kamar tawada, famfo yana ƙara, ruwan wanka a kombi yana zafi yana sanyi. Nan fawa-fulash ya samu gidansa. A lura, ruwan da aka ɗiba daga bawul ɗin iska na sama ba hujja ba ne, yana iya fitowa garau alhali laka na kwance a ƙasa. Ma'aikacin kirki yakan zo da kyamarar da ke nuna zafi, ya nuna wa mai gida tabon sanyin ƙuru-ƙuru. Wata dabarar kuma maganaɗisu ne: ba ya kama jan ƙarfe, saboda haka idan ya manne a jikin bututun jan ƙarfe, magnetait ne cunkushe a ciki.

Sunan aikin yana ruɗar mutane, suna zaton matsi ne mai ƙarfi kamar na wankin mota. Ba haka ba ne. Injin, irin su Clearflow na kamfanin Kamco, yawan ruwa yake turawa da gudu, matsinsa ba ya wuce wajen ba 2, kuma yana da hannun da ke juya ruwan gaba da baya. Gudun da juyin su ne ke tayar da abin da ya kwanta. Ma'aikaci zai fara auna zafin kowace radiyeta ya rubuta, ya cire kawunan bawuloli masu lambobi, ya ƙirga zagayen kowane bawul mai hula kafin ya buɗe shi duka. Idan gidan mai tanki a rufi ne, ya toshe bututun cikawa da na numfashi, in ba haka ba tankin zai yi ambaliya a saman silin, sannan ya kwashe dagwalon tankin da hannu. Ya jona injin a mazaunin famfon tura ruwa, ko a bakin filta mai maganaɗisu in gidan yana da ita, ko a bututan radiyeta ɗaya da ya cire. Ruwan farko a zubar. Sai a zuba sinadarin wanki, Sentinel X800 ko Fernox F3 ko makamancinsu, a kunna boila ruwan ya kai wajen digiri 50, domin sinadarin ya fi ci da ɗumi. Daga nan aikin gaske ya fara: a rufe duka a bar radiyeta ɗaya, ruwan injin duka ya bi ta cikinta, minti 10 ko fiye, ana juya shi, ana bubbuga ƙasanta da gudumar roba ko na'urar girgiza da ake ɗaurawa a bakin injin huda bango. A rufe ta, a buɗe ta gaba. Ma'aikatan da suka san abin da suke yi suna sa babban maganaɗisu a kan hanyar ruwan kafin ya shiga boila, don kada lakar da aka tayar ta je ta zauna inda ta fi ɓarna.

Zagaye na biyu na ɗauraya ne, shi ma ɗaya bayan ɗaya, ruwa mai tsabta na shiga mai datti na fita har ya washe. Ido ba ya isa shaida a nan. Akwai ɗan mita mai auna abin da ya narke a ruwa, ana gwada na famfon gida a gwada na hita, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A duba kaifin ruwan, wato pH, da takardar gwaji, tsakanin 6.5 da 8.5 ake so, musamman idan cikin boilar alminiyum ne, don ragowar sinadarin wanki yana cinsa. Sai maganin hana tsatsa: lita ɗaya ta Sentinel X100 tana isar ruwa lita 100, kimanin radiyeta 8 zuwa 10, kuma radiyeta mai fuska biyu a ƙirga ta biyu. Ƙarshe a mayar da bawuloli masu hula yadda aka same su, ko ma a sake daidaita rabon ruwan. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. A bar komai a wangale, ma'aikaci ya tafi, washegari radiyetar ƙarshen layi ta fi jiya sanyi, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Agogo shi ne ma'aunin da mai gida ke da shi a hannu. Gida mai radiyeta 8 zuwa 10 ba ya kammaluwa ƙasa da awa biyar, sau da yawa yini ne cur. Wanda ya zo ƙarfe tara ya naɗe tiyonsa sha ɗaya, ruwa ya sauya, bai yi wanki ba. Tun a waya za a iya tace su da tambaya uku: ɗaya bayan ɗaya za ka wanke su? Da me za ka auna ruwan in ka gama? Maganin tsatsa da daidaita bawuloli suna cikin kuɗin? Wanda ya yanke farashi ya kuma tabbatar cewa laka ce tun bai ga gidan ba, a nemi wani.

Akwai gidajen da injin ba ya yi musu abin kirki ko da ma'aikacin gwani ne. Na farko masu siraran bututai, milimita 8 ko 10, waɗanda aka yi yayinsu a shekarun 1970 da 1980, da na roba masu milimita 10 a sababbin gidaje da yawa. Ruwa ba ya samun gudun da zai tayar da laka ta cikinsu, wadda ta tashi kuma tana iya cushewa a mararrabar da suke haɗuwa. Sai tsofaffin gidaje masu bututu ɗaya da ke zagaye gidan, radiyetoci na rataye a jikinsa: ruwan injin zai bi bututun ya wuce abinsa. Tulun ruwan zafi samfurin Primatic, wanda kumfar iska ce kawai ta raba ruwan hita da na wanka, ba a sa masa sinadari sam. Bututun da ya toshe ya zama dutse shi ma ba ya wankuwa, inda ruwa ba ya bi sinadari ba ya zuwa, sai dai a gano wurin da maganaɗisu a yanke a sa sabo. Ya fi faruwa a mahaɗar bututun cikawa a gidaje masu tanki a rufi.

Batun yoyo kuma a yi shi tun kafin a fara. Radiyetar da tsatsa ta ci ta kusa hudawa, wani lokaci lakar ce ke toshe ramin, ana wankewa sai ɗigo ya bayyana. Ba injin ne ya huda ta ba, amma kafet ɗin mai gida ne zai sha. Duk radiyetar da fentinta ya kumbura a ƙasa ko take da ɗigon tsatsa a jikin ɗinki, gara a canza ta kafin wanki. Madaidaiciya mai fuska biyu sau da yawa ba ta kai fam 100 ba.

Babban raunin wannan sana'a, a ganinmu, shi ne yawancin masu yinta suna kashe maciji ba sa sare kansa. Laka ba ta haɗuwa sai da oksijin, kuma ruwan da ke rufe yana ƙare oksijin ɗinsa cikin ɗan lokaci. In laka ta yi yawa, akwai ƙofar da sabo ke shigowa. Ko dai wani wuri yana ɗiga ana ta ƙara ruwa duk mako, kowane ƙari kuwa sabon oksijin ne, yana kuma tsarma maganin tsatsa. Ko famfo ya yi ƙarfi yana watso ruwa ta bututun numfashi cikin tankin rufi, ruwan ya sha iska ya koma. In an taɓa ruwan tankin aka ji ɗumi, shi ke nan. Ko kuma an yi aiki da tsohon bututun roba marar shingen iska a jikinsa. Launin ruwan yana ba da labari: baƙi tsohuwar tsatsa ce, ja-ja ko ruwan ƙasa kuwa oksijin na shiga yanzu haka. Wanda ya wanke irin wannan gida bai toshe ƙofar ba, bayan shekara biyu ko uku za a sake kiransa.

Idan radiyeta ɗaya ko biyu ne kawai ke da laka, akwai hanyar da ta fi araha nesa ba kusa ba. A rufe bawul biyun, mai lambobi a cire kansa a ɗaura hular rufewa, don idan ɗaki ya yi sanyi sosai yana iya buɗe kansa ko an sa shi a kan alamar ƙanƙara. A tara faranti mai zurfi, a sassauta nati, a buɗe bawul ɗin iska ruwan ya tsiyaye, a ɗaga ta mutum biyu a kife ta don kada ragowar ta zuba a hanya, a kai bayan gida a sa mata tiyo ta kowane baki ana bubbugawa har ruwan ya fito fari. Ga laka mai sauƙi a gidan duka kuma, a zuba Sentinel X400, a bar shi yana zagayawa da hita na wasu makonni gwargwadon abin da aka rubuta a jikin galan, a zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku, a sa maganin tsatsa. Kuɗin sinadaran duka bai kai fam 50 ba. Bai kai inji tsabtacewa ba, amma ga masu siraran bututai shi ne ma ya fi dacewa.

Kusan kowane mai fawa-fulash zai tallata filta mai maganaɗisu, MagnaClean na kamfanin Adey ko TF1 na Fernox. Wannan tallan a karɓe shi. Ana ɗaura ta a bututun da ke komawa boila, bayan radiyeta ta ƙarshe, a wurin da hannu zai kai, kuɗinta wajen fam 100 ban da aiki. Ba ta tayar da lakar da ta riga ta kwanta, saboda haka ba ta gyara radiyeta mai sanyi, boila take karewa daga abin da ke yawo. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 7593 ta 2019 ta nemi a sa irin wannan filta, a duba ƙarfin maganin tsatsa kowace shekara, a sabunta shi duk shekara biyar ko a kai ruwan ɗakin gwaji. Masu ƙera boila da yawa suna ɗaure garantinsu da wannan, kuma takardar Benchmark da ake cikewa ranar saka boila tana da gurbin rubuta sinadarin da aka yi wanki da shi da maganin da aka zuba. Bayan wanki da mako biyu zuwa huɗu a buɗe filtar a goge sandar, don ragowar da ta saki daga baya a nan take taruwa.

Wankin kansa ba aikin gas ba ne, fulamba na iya yinsa. Amma duk abin da zai kai ga buɗe murfin boila, kamar ciro farantan musayar zafi na kombi a wanke su daban, ko canza bawul mai karkatar da ruwa, sai mai rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. A nemi katinsa a duba bayansa, nan aka jera irin aikin da aka yarje masa. Ɗan haya kuwa, a Ingila, sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran kayan ɗumama gida a wuyan mai gidan. Sakin iska da motsa tsinken bawul babu laifi ɗan haya ya yi da kansa. Abin da ya wuce haka ya rubuta wa mai gida ko ejan, ya faɗi wace radiyeta ce, ina ne ke sanyi a jikinta, geji na kan nawa, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi.